Ranar da Lamba Ta Ɓace a Agogon Oga

Ba zan taɓa mantawa da wunin da muka yi a wani dam can bayan Kwali ba, ko da yake na so in manta.

Ni direba ne. Ogana, Oga Danladi, aikinsa nutso: ya goya tukunyar iska, ya shiga ƙarƙashin ruwa ya gyara bututu. Ranar ba gyara ya kai mu ba. Wani masunci ne ruwa ya ci, danginsa suka roƙi Oga ya ciro musu gawar su binne.

A kan tukunyar akwai wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa. Shi ke aika wa agogon hannunsa yawan iskar da ta rage, ba waya ba igiya. Agogo biyu gare shi. Ya ɗaura ɗaya, ya miƙo mini ɗayan, ya ce, "Riƙe mini, na ajiya ne."

Riƙewa kawai aka ce. Ni kuwa na ɗaura a hannu, na tara mutanen ƙauye ina nuna musu (karatuna bai wuce firamare ba, amma ranar injiniya na zama). Na ce, "Kun ga lambar nan? Numfashinsa ne. Muddin tana nan, yana da rai."

Oga na nutsewa, lambar ta ɓace.

Na girgiza agogo, na bubbuga, babu. Uban mamacin ya ce, "Malam, yaya?" Na ce, "Iskarsa ta ƙare." Aka hau salati. Tsohon nan, da ɗansa a ƙasan ruwa, shi ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri. Na ɗan jira, sannan na kira matar Oga.

"Madam, sai haƙuri. Oga ya tafi."

Na ji faɗuwar wayar, na ji kukan yara.

Can sai ga Oga ya ɓullo, yana jan igiyar da ya ɗaure gawar da ita. Da aka gaya masa, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Saƙon ba ya nisa a ruwa, sai in agogon na kusa da tukunya. Kira matata. Kai ka kashe ni, kai za ka tashe ni."

Maƙwabciya ce ta ɗauka. Suna hanyar asibiti, jinin Madam ya hau.

Ta warke, Oga bai kore ni ba. Amma har yau in na gaishe ta, kai kawai take ɗagawa, kuma ban ga laifinta ba. Yanzu in aka ba ni abin da ban san kansa ba, aljihu nake sa shi, in koma mota in zauna.