Rasuwar Kwandon Gwaggo Ba-Leda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu ya ƙi wucewa, Gwaggo Ba-Leda ta gidan ƙarshen layi tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan kasuwa, da maƙwabtan da suka san abin da suka aikata, rasuwar abokin tafiyarta, Kwando. Ya rasu ranar Asabar da hantsi a bakin kwatar ƙofar gida, yana da shekara ashirin da 'yan kai. Kada wanda ya zo ya ce mata tsufa ne. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shi a gidan nan yake cin abinci safe da yamma.

Marigayin saƙar kaba ne, mai hannu biyu da faɗin gindi. Gwaggo ta saye shi ne a wajen wani masaƙi da ke zama bayan rumfar masu gishiri, a shekarar da ta gaji da tsintar leda a tsakar gida, a kan igiyar shanya, har a bakin murhu. Ranar ta rantse leda ba za ta ƙara tsallake mata ƙofa ba. Rantsuwa kam kowa na iya yi, amma Kwando ne ya riƙe mata tata. Duk ranar cefane shi ke ɗaukar kwalbar mai, da langar nama, da gwangwanin gishiri, da 'yan jakunkunan da ta ɗinka da tsohon zanenta don shinkafa da wake da sukari. Tumatir da ƙwai su hau can sama su zauna kamar manyan baƙi.

Ya sha wulaƙanci a rayuwarsa, bai taɓa ramawa ba. Mai tumatir ya yi shekaru yana cewa, "Gwaggo, ledar nan fa kyauta ce, ba za a caje ki ba." Mahauci ne ya laƙaba mata sunan da ya bi ta har yau, yana faɗa yana dariya, layin masu nama na taya shi. Shi kuwa maigidan, tsohon direban bas, in hanya ta haɗa su sai ya ƙara sauri ya yi gaba, kamar bai taɓa ganin matar nan mai kwalabe ba. To, a hankali dariyar ta ƙare. Mahaucin nan da kansa yake miƙo hannu ya karɓi langa tun kafin a gaisa. Kuma a duk tsawon shekarun nan Kwando bai taɓa fasa ƙwai ba, bai taɓa yagewa a tsakiyar titi ya bar mai shi tana tsintar wake a gaban jama'a ba, abin da ledojin layin nan suke yi wa iyayen gidansu kullum.

Ba mai yawan magana ba ne. In ya cika, ƙiiƙ-ƙiiƙ kawai yake yi a gefen ƙugun Gwaggo, kwalabe na amsa masa ƙwal-ƙwal. Da wannan muryar jikoki ke gane ta dawo tun tana kan kwana. Yanzu sai ta shigo har tsakar gida ba wanda ya ji.

Ga yadda ajalin ya zo, don kada a ji shi a bakin masu gyara zance. Ranar Gwaggo za ta je asibiti duba ƙanwarta, ta ga hadari ya haɗu, sai ta rataye Kwando a ƙusarsa ta bayan ƙofar kicin, domin ba ta taɓa yarda ruwan sama ya dake shi ba. Ruwa ya sauko. Kwatar layi, wadda maƙwabta suka mayar gidan ajiyar ledojinsu, ta toshe, ruwa ya fara leƙo zaurukan mutane. Maza suka fito da shebur. Aka ce ana neman abin kwashe shara. Bokitin roba yana nan a bayan gida, sabo fil, amma maigidan ya ce kada a fasa shi, bai daɗe da saye ba. Ya shiga kicin da ƙafarsa, ya sauke Kwando da hannunsa, ya fito yana yi wa maza bayani irin na masana: wai kwando ya fi, ruwa ya tsiyaye, shara ta tsaya.

Shara kuwa ta tsaya. Kwandon da bai taɓa ɗaukar leda ko ɗaya ba tun da aka saƙa shi, shi aka yi ta cikawa da ledojin layi kaf: ta ruwan sha, ta burodi, ta omo, har da ƙunzugun jarirai, baƙaƙe ƙirin da su, suna ɗoyi. Waɗanda suka yi ta yi masa dariya su ne suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Ya jure iya jurewarsa. Can gindinsa ya ce ɓarak, kuma wannan ce kalmarsa ta ƙarshe.

Gwaggo ta dawo ta tarar da shi kife a kan tulin shara, hannu ɗaya ya cire. Maigidan yana wanke ƙafa a bakin famfo, ya ɗago ya ce, "Haba, ai kwando ne kawai, sai a sayi wani." Tun daga ranar magana tsakaninsu ba ta wuce "ga abincinka" ba.

Sai a sayi wani! A ina? Gwaggo ta je har bayan rumfar masu gishiri. Masaƙin na nan, ya tsufa, amma babu kaba ko sili ɗaya a gabansa. Leda yake sayarwa yanzu, ƙulli-ƙulli, fara da baƙa. Ya ce shekaru ke nan ba wanda ya tambaye shi kwando, 'ya'yansa ma ba wanda ya koya, yatsunsa kuma sun ƙage. Da ta juya za ta tafi, ya kasa haɗa ido da ita. Ranar a gefen mayafi ta ƙullo cefanenta. Mai tumatir ya ga halin da take ciki, ya miƙo leda a hankali, babu tsokana ko kaɗan, ya ce, "Gwaggo, yau ɗaya dai." Ta dube ta, hannunta har ya motsa, sannan ta ce a'a. Rabin tumatirin ya fashe mata a jiki kafin ta iso gida, ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta yi kukanta.

Marigayin ya bar kwalabe uku, da langa, da gwangwanin gishiri, da 'yan jakunkuna, dukansu marayu a kan kantar kicin, ba mai kai su kasuwa. Ya bar Gwaggo da rantsuwarta. Bai bar magaji ba. Kwandon roba ja da babbar 'yarta ta aiko don ta rage zafi, naɗe cikin leda har ninki biyu, ba ya cikin dangi, an mayar mata da abinta.

Za a binne shi gobe da safe a gindin bishiyar lemon tsakar gida. Maigidan ne ya haƙa ramin, bisa umarni. Yana cikin haƙa fatanya ta tono wata leda ta tun zamanin kafin rantsuwa, lafiyarta ƙalau, har rubutun jikinta ana karantawa. Ya tsaya yana kallonta. Kwando kuwa kafin damina ta zagayo ya zama ƙasa, lemo ya ci.

Masu zuwa gaisuwa su sani akwai tsayawa a ƙofa. Duk wanda ya riƙo leda, ko ta mene ce, ya koma da ita. Za a raba shinkafa, amma sai ga wanda ya zo da kwanonsa. Maƙwabtan da suka miƙa gawar hannu zuwa hannu ba a bukatar hawayensu, su je su kwashe tulin da suka bari a ƙofar gida. Da an tashi, maigidan zai rungumi marayun a ƙirjinsa ya kai su kasuwa, ta layin masu nama, kuma wannan karon kafaɗa da kafaɗa zai jera da Gwaggo, ba gaba ba. Haka zai riƙa yi duk ranar cefane har sai ya nemo mai saƙa.

Ƙusar bayan ƙofar kicin kuma, a bar ta yadda take. Kada wanda ya rataya mata komai.