Mun Tsaya Inda Aka Ce, Bas Ya Wuce

Yau da safe na yi abin da likita ya hana ni: gudu. Ba kare ne ya biyo ni ba. Titi mai layi shida na tsallaka, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ina jan maiɗakina, bayanmu mutum wajen arba'in na unguwarmu, har da tsohuwa mai sanda. Kuma ni na ja su. Ni da sana'ata gyaran fanka da dutsen guga, ban san me ya kai ni gyaran hukuma ba.

Bari in faro muku daga tushe. Bas ɗaya ne ke shigowa unguwarmu, tsoho tukuf, in yana hawan tudu sai ka ji kamar ka sauka ka tura shi. Amma yana da araha, saboda hukuma na ɗan cika masa wani abu, shi ne ake kira tallafi. Da shi maiɗakina take zuwa asibitin da take shara da goge-goge, can ɗaya ƙarshen gari. Ƙarfe bakwai ake sa hannu, kuma shekara tara ba ta taɓa makara ba. In aka cire bas ɗin nan, albashinta kaf a kuɗin tasi zai ƙare, sai dai ta ajiye aikin. Fanka kuwa ba kullum take lalacewa ba.

To, masu girma, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun zauna sun gano cewa kuɗi sun yi kaɗan. Ko dai a ci gaba da tallafa wa bas, ko a ƙara wa babban titi layi biyu, don jerin motocinsu ya daina gogayya da namu. Da yake mutane ne masu adalci, ba su yanke hukunci da ka ba. Suka ce a ƙirga masu hawa bas tukuna, na mako guda.

Maƙwabcina mai kantin magani, wanda muke kira Dakta ko da yake allura ma ba ya iya yi, ya yi murna da wannan. Yana da mota. Ya tare ni a ƙofar shago yana cewa shi bai ga dalilin da harajinsa zai ciyar da bas ɗin da bai taɓa shiga ba, duk abin da ba zai riƙe kansa ba a bar shi ya mutu. Na tambaye shi ko titin da yake murza taya a kai kullum shi ke riƙe kansa, ko da dare kwalta take fita neman kuɗi. Ya ce wannan ai daban ne, wannan ci gaba ne.

Na ce, "Wato Dakta, in an kashe a kanku ci gaba ne, in an kashe a kanmu tallafi ne?"

Ya ce in bar zancen, ba fannina ba ne. Gaskiyarsa, ni ba na gane lissafin manya. Abin da na sani kawai, harajina ma yana cikin kwaltar nan, kuma rabona a cikinta shi ne ƙarar hon.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da aka gina babban titi, an yi mana rumfar jiran bas mai kyau, da benci da rufi mai sheƙi. Sai dai a tsallake aka yi ta, hannun masu shiga gari. Gadar da aka ce za a yi mana ta tsallakawa tana nan lafiya a jikin allo, an zana har da mutane suna murmushi a kanta. Saboda haka babu mai zuwa rumfar. Kowa a gaban wani mai facin taya yake hawa, a namu ɓangaren, sannan bas ya gangara shataletale ya juyo, ya wuce ta gaban rumfa cike maƙil.

Ma'aikacin da aka turo ƙirga kuwa a rumfa aka ce ya zauna. Mai faci ne ya yi kasada ya tsallaka ya leƙo takardarsa. Kwana shida, sifili shida. Ya ce masa, malam, ba ka ganin mutane har a bakin ƙofa? Mutumin ya ce yana gani sarai, amma gurbin da ke takardarsa na waɗanda suka hau a wannan rumfa ne, babu gurbin waɗanda suka zo a ciki, kuma shi ba a aiko shi ya ƙara gurbi ba.

Da na ji haka raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na bi gida gida ina cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gobe ce rana ta ƙarshe, kowa ya tsallaka a ƙirga shi. Maiɗakina ta ce, "Baban yara, ka bar ni in hau inda na saba." Na ce mata ai don ita ake yi.

Haka muka tsallaka, Allah ya tsare, babu wanda mota ta taɓa. Muka cika rumfa. Mai ƙirga ya gyara zama, ya cire murfin biro, har na ga alamar shi ma ya ji daɗi. Can sai ga bas ya juyo daga shataletale, wayam, don direba ya tsaya gaban mai faci bai tarar da kowa ba. Muka ɗaga hannu gaba ɗaya. Direba ya rage gudu, ya dube mu, ya nuna mana wani allo da yatsa, ya taka mai ya wuce.

Sai a lokacin muka lura da allon, taku goma daga rumfa: ba a tsayawa a nan, wanda ya tsaya zai biya tara. Ashe ofishin da ya gina rumfa daban, wanda ya kafa allo daban, kuma da alama ko gaisawa ba sa yi. Mai ƙirga ya rubuta sifili na bakwai. Yau ma har da ƙarin bayani a ƙasa, cewa bas ya wuce babu kowa a ciki. Garin neman gira mun rasa ido.

Maiɗakina ta zare hannunta daga nawa ta matsa bakin titi. Ta tsayar da tasi, ta biya kuɗin cefanen yau, ta isa bakwai da rabi. Shekara tara, sai yau aka ja mata jan layi, kuma mijinta ne sila. Wannan ya tsaya mini a rai.

Rahoto zai isa teburin Mai Girma Babban Mai Sa Hannu, zai ga a rubuce cewa ba mu hawa bas, kuma takarda ba ta ƙarya. Dakta zai sami ƙarin layinsa biyu. Mu kuma za mu sami layi takwas na tsallakawa zuwa rumfar da ba a tsayawa, abin da na tabbata zai taimaka wa lafiyar jama'a.

Da yamma ina rufe shago sai na hango mai ƙirga ya naɗe ƙafar wando, takarda a hammata, yana keta motoci da gudu. Ya zo gaban mai faci ya tsaya a layi. Ashe shi ma da bas ɗin yake komawa gida. Na ce masa, malam, ko kanka ka rubuta mana mana, mu samu mutum ɗaya. Ya duba agogo, ya ce ai an tashi aiki.