Ranar da Madaci Ya Binne Mini Wando

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko na so in manta mutanen Indabo ba za su bar ni ba. Kuma har yau idan na tuna, haushi ne yake fara zuwa mini, kunyar daga baya take biyowa.

Ni dai tun da na ajiye makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare (ba kora ta aka yi ba, zaman benci ne ba na iyawa), babu sana'ar da ban taɓa ba. Na yi faci, na yi kwandasta a motar Kano, na sayar da rake a bakin gada. Da babanmu ya gaji sai ya kai ni wajen Oga Sabi'u, mai fasa katako a nan Wudil. Injin nan ne na hannu mai sarƙa, wanda ake bi da shi gona-gona, duk inda bishiya ta faɗi a fasa ta a wurin. Ni na ɗauka da zuwana za a miƙo mini inji. Ina. Damina ta wuce, sanyi ya wuce, ni ne ɗauko jarka, ni ne riƙe zare, ni ne jidar katako har tsakiyar kaina ta fara sanƙo. Inji biyu gare shi fa, ɗaya yana jingine a shago ba ya aikin komai. Amma da na yi magana sai ya ce wai hannuna ya iya, kaina ne bai iya ba. Maganar nan tana ci mini rai ba kaɗan ba.

A ƙarshen bazara aka yi wata iska mai hadarin ƙarya, ruwan bai taka kara ya karya ba amma ta kayar da bishiyoyi ko ta ina. Aiki ya yi wa Oga yawa. Ran nan da safe ya kalle ni ya daɗe, kamar mai shirin ba da rancen da ya san ba za a biya ba, sannan ya ce akwai madaci a gonar wani Malam Hudu a Indabo, in je in fara, shi zai biyo ni bayan azahar.

"Idan ka fasa shi, ka dawo mini da kayana lafiya, injin nan ya zauna a hannunka," in ji shi. "Idan ka yi shirme, ka san inda gammonka yake."

Na koma gida na saka sabon jins ɗina da rigar da na yi sallah da ita. (Kar ka tambaye ni dalili. A kaina, ofareto ba ya shiga garin mutane da tsumma.) Na ɗaure inji a bayan mashin na kama hanya.

Madacin ƙato ne. Iska ba karya shi ta yi ba, tumɓuke shi ta yi gaba ɗaya, saiwoyinsa suka taso sama da ƙasarsu, faffaɗa kamar katangar ɗaki. A bayansu ga rami inda ya fito. A duk gonar nan, an yi shara an ƙone, babu wata inuwa sai ta cikin ramin nan. Rana kuwa tun hantsi ta fara dukan mutum kamar da gayya.

Malam Hudu dattijo ne mai sanyin magana, irin wanda kafin ya gama tambayar gajiya da iyali da zafi da mutanen Wudil, kai ka yi gumi ka bushe. Na amsa iya wanda zan iya. Sannan ya tambaye ni ina mai injin. Na ce ga ni. Ya sake duba bayana, wai ko babban yana tafe. Nan fa raina ya fara ɓaci.

Ban yi nisa da sare rassa ba na ga jins ɗin nan zai kashe ni. Ga zafi, ga baƙin mai yana fantsama. Na cire riga, na cire wando, na naɗe wayata da makullin mashin a ciki. Aka bar ni da wani tsohon gajeren wando na ƙwallo wanda robarsa ta saki, da ɗan yagewa ta baya wadda ni ba na gani, don haka ba ta dame ni ba. Na kwashi kayan na shiga ramin nan na jera su a inuwa: tufafina, jarkar fetur don kar rana ta kumbura ta, gorar ruwana, da jakar Oga mai magagarin wasa sarƙa da sifana da sabuwar sarƙa. Har ina yaba wa kaina dabara.

Dattijon ya matso ya ce, "Samari, wannan wurin da ka ajiye kayan nan, ai ka san ita bishiya idan ta faɗi da saiwarta..."

Na ja igiyar inji. Da gangan na ja, a tsakiyar maganarsa. Ƙara ta cinye sauran. A raina na ce yau kam babu wanda zai koya mini aiki, na sha isasshe a shago. Da na ɗago na hango shi ya sunkuya bakin ramin zai ɗauko jakar, sai na kashe injin na ce, "Baba, don Allah kar ka taɓa mini kaya. Kai da gonarka, ni da aikina." Ya saki jakar, ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Ya ja can gefe ya zauna a kan kunya ya lulluɓe kansa da rawani.

Maganar gaskiya, aikin farko ya yi kyau, kuma wannan ne yake ƙara ba ni haushi. Na yanke gungume daga sama, na tsoma zare a baƙin mai, na ɗaure shi a ƙusa, na ja na sake shi ya zana mini layi. Na bi layin da bakin inji a hankali, ina ja da baya kamar yadda Oga yake yi. Garin madaci yana shiga baki, ɗaci kamar an jiƙa maka magani, yana manne wa gumi har na koma ja kamar tukunya. Kunnena ya toshe. Amma katako ya fito, miƙaƙƙe, ban da guda ɗaya da ya ɗan yi ciki. Masu wucewa suka fara tsayawa kallo, da masu amalanke, da mata masu kai abinci gona. Ni kuma ina ƙara taka gungume da ƙafa ɗaya ina gyara tsayuwa.

Sai na ce bari in raba babban gungumen da gindinsa, don Oga ya zo ya tarar da abin mamaki. Na dasa inji dab da saiwa. Na ci rabi, na zagaya na ci sauran. Da bakin injin ya fita, gungumen ya sauka ƙasa, sai na ji wata ƙara kamar ana yaga sabon buhu. Katangar saiwar nan, da nauyin bishiyar ne kawai yake riƙe da ita a tsaye, ta tafi luuu ta koma raminta. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Da ƙura ta lafa, ga kututture a tsaye cak, kamar bai taɓa faɗuwa ba. Rami ya rufe ruf. Inuwa ta tafi. Kayana ma haka.

Sai Malam Hudu ya yaye rawani ya ce a hankali, "Abin da nake son gaya maka ke nan."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na hau shi da faɗa, wai me ya sa bai faɗa da ƙarfi ba. (Ka ji fa. Ni da na tayar masa da inji a ka.) Na zagi iska, na zagi madaci, na shuri kututturen da ƙafa, kututture ya rama. Na karɓi fartanya a hannun wani na durƙusa ina tono kamar gafiya. A durƙuson nan ne yagewar bayan wandon ta gabatar da kanta ga jama'a. Na san haka ne saboda matan suka juya baya lokaci guda, ɗaya ta kasa riƙe dariya har tulun kanta yana tangaɗi.

Aka kira azahar. Kowa ya nufi gindin wata tsamiya can nesa, ni ko abin da zan rufe gwiwa in tsaya gaban Ubangiji ba ni da shi. Ga ƙishirwa, ga ɗacin madaci a maƙogwaro, ruwana yana ƙarƙashin ƙasa.

A haka Oga ya same ni. Ya kafe mashin, ya dubi katakon da na fasa, na ga har ya ɗan gyaɗa kai. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce tun ɗazu yake kira na ban ɗauka ba, ina wayata? Na ce tana nan. Ina jakarsa? Na ce suna tare. Sai ya ciro wayarsa ya danna. Can ƙarƙashin kututture, siririn kiɗa ya fara tashi, kamar ana biki a garin aljanu. Mutanen da suka dawo daga salla suka fashe. Wani tsoho har da zama a ƙasa.

Oga bai yi dariya ba. Ya bar wayar ta yi ta kuka har ta katse, sannan ya ce, "Duk bishiyar da muka fasa da kai, ka taɓa ganin na ajiye ko takalmi a bayan saiwa?"

Na ce ai bai taɓa gaya mini ba.

"Kana wurin. Idonka yana kan inji." Ya nuna ramin da ya rufe. "Da zafi ya ishe ka ka shiga ka kwanta fa? Ko wani ya shiga? Me zan ce wa babanka?"

Gaskiyarsa ce kuwa, don na yi niyyar in na gama yankan nan in shiga in ɗan miƙe.

Sai da aka kawo shanun noma da igiya, aka yi ta tono ana ja har bayan la'asar, kafin aka ɗaga gefe ɗaya. Jarka ta fashe, jins ɗina ya sha fetur ya ƙoshi, magagari ya karye, fuskar waya ta yi kamar gizo-gizo ya yi saƙa. Malam Hudu, mutumin da na yi wa tsawa a gonarsa, shi ya aika gida aka kawo mini wandonsa. Irin na dattawa ne mai zariya, ni da wani za mu shiga mu bar wuri. Da shi na rama salla, da shi na ratsa Wudil, iska tana hura shi kamar tanti, 'yan bakin gada suna ta kiran "Alhaji, a sauka lafiya."

Washegari na tarar an mayar da injin inda yake jingine, gammona kuma an ɗora mini a kan benci, don kar in sha wahalar nema. Har yanzu katako nake jida. Idan aiki ya kai mu Indabo, tun daga bakin gari ake tambayata ko yau ma akwai abin da za a binne.

Oga yana cewa darasin shi ne in dinga buɗe ido. Babanmu ya ce in dinga jin maganar manya. Duk na ji. Amma abin da ni na ɗauka na riƙe hannu biyu shi ne, ko rana za ta narkar da ni, ko a gonar wa nake, da wandona a jikina za a tarar da ni.