Shirin Hunturu a Makka

Shekarata ta farko a Makka, ana tsakiyar yaƙin duniya, na ji kananzir zai yi tsada. Na sayo garwa biyu da buhun gawayi, har ina gargaɗin maƙwabta su shirya wa hunturu. A gaskiya kewar Zariya ke damuna, da yadda muke kewaye murhun Inna da safe muna jin ɗumi.

Lokacin hunturu ya yi, sanyi bai zo ba. Duk da haka na hura wuta a ɗaki, na lulluɓa, ina ta gumi.

Tsohuwar maƙwabciyata, Hajiya Kande, ta leƙo. "Ɗan nan, zazzaɓi ne?"

Na ce, "Hunturu ne, Hajiya."

Har yau, ko rana na gasa duwatsu, gaisuwar jikokinta ɗaya ce: "Baba, yaya sanyi?"