Rasuwar Yallaɓai, Tawul ɗin Baƙar Motata

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Ernis ɗan Kubat, ma'aikacin kantin magani, mai gareji na ƙarshe a layin bayan gidajenmu, nake sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da duk mai mota a wannan unguwa tamu ta Bishkek rasuwar tawul ɗina mai ruwan toka, wanda aka fi sani da Yallaɓai. Ya cika ranar Talatar da ta wuce, a kan teburin guga, bayan gajeriyar jinya. Matata Meerim ce ta raɗa masa sunan, ba don ƙauna ba, sai don a cewarta shi kaɗai ne ba a ɗaga wa murya a gidan. Na je wurin limamin unguwa na tambaya ko akwai addu'ar da ta dace da irin wannan rashi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in ji tsoron Allah in koma gida in sha shayi. Saboda haka babu addu'a a wannan sanarwa, sai abin da na sani game da marigayi.

Marigayi ɗan asalin Koriya ne, daga zuri'ar da 'yan kasuwa ke kira maikurofaiba, wato zaren roba da aka tsaga har ya fi gashin jariri siranta. Mun haɗu a kasuwar kayan mota shekara uku da suka wuce, kuma ban zaɓe shi da ka ba. Na shiga kasuwar da hantsi, tsohon faifan waƙa a aljihuna, gorar ruwa a hannuna. Duk tawul ɗin da aka miƙo min sai na goga shi a bayan faifan na ɗaga wa rana, domin abin da ya karce faifai zai karce fenti. Sai na duba bakinsa, in akwai ɗinki da zare mai tauri in ajiye, wannan wuƙa ce aka naɗe a auduga. Sai na zuba ruwa a kan teburin mai kaya in ga ko zai shanye ko kuwa tura ruwan zai yi gaba kamar ma'aikacin da ba ya son aiki. Matar da ke sayarwa ta fara da ba ni kujera, ta biyo da shayi, da rana ta karkata kuwa haƙurinta ya ƙare.

"Ɗan'uwa, tawul ne fa," ta ce. "Ba ƙoda za a dasa maka ba."

Daga nan ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta zaro shi. Mai kauri, mai dogon gashi, babu ɗinki ko ɗaya a bakinsa. Na shafa shi a bayan hannuna na ji yana kama busasshiyar fatata a hankali, yadda na kirki ke yi. Ba za a ambaci kuɗinsa a nan ba, saboda Meerim ta iya karatu.

Duk wanda ya taɓa riƙe baƙar mota a garin nan ya san abin da marigayi ya sha. Da sanyi hayaƙin gawayi, da narkewar ƙanƙara taɓo, da zafi farar audugar bishiyoyin bakin titi da ke manne wa komai. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Bai taɓa barin zane ko siririn zare a jikin fenti ba. Bai taɓa sanin ƙasa ba, domin ranar da iska ta fizge shi daga kan mota ni na bi shi na cafe a sama, gwiwata ta hagu kuma tana tuna min da wannan rana duk lokacin da hadari ya haɗu. Mai kunya ne, ba ya magana sai a bakin aiki. In na ninka shi huɗu na ja shi a kan murfin inji, sai ya ce "shuu... shuu," can ƙasa-ƙasa, daga nan sai in ga fuskata a cikin baƙin fenti. Ba kyakkyawar fuska ba ce, amma shi bai taɓa nuna min ya lura ba.

Ni ma na riƙe amanarsa. Ba a haɗa shi wanki da kowa, ni nake wanke shi da hannuna a ruwa mai ɗumi kaɗan, in shanya shi a inuwa. Yana da akwatin roba mai murfi nasa na kansa. Da sanyin bana ya yi tsanani sai na ji ba zan iya barinsa a gareji ba, na ɗauko akwatin na kawo cikin gida na sa a kabad ɗin bakin ƙofa. Maƙwabcina Talant ya tuna min cewa tawul ba ya jin sanyi. Na ce masa shi ma tawul ɗinsa tsohuwar singileti ce, ba shi da bakin magana.

Domin a fahimci ajalin marigayi dole in ambaci surukina, Baba Saginbek, mahaifin Meerim, makiyayin dawaki a tsaunukan At-Bashi. Tun shekarar aurenmu, lokacin da muka kai masa ziyara makiyaya, ya fito daga tanti ya same ni ina goge ƙurar hanya daga jikin mota yayin da sauran maza ke can suna kamun dawaki. Ya tsaya ya kalle ni, ya ce a gaban kowa bai taɓa ganin namijin da ke yi wa abin da ba ya cin ciyawa kwalliya ba. Tun ranar sunana ya zama Mai Goge-goge. In ya kira waya, wayar 'yarsa yake kira. In zai tambayi lafiyata, sai ya ce mata ya mutumin naki. Fiye da shekara goma bai taɓa cin abinci a gidana ba, bai taɓa ɗaga hannu ya sa wa gidan albarka ba, bai taɓa furta sunana ba. Ina dariya in an yi zancen, amma gaskiyar magana abin yana cin raina. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kuma babu abin da nake so a duniya kamar in ji wannan tsoho ya ce Ernis.

A makon jiya ciwon ido ya sauko da shi birni, ba yadda zai yi sai ya sauka wurinmu. Muka yanka rago. Mahaifiyata, Inna Burul, wadda ke zaune tare da mu, ta kwana biyu tana juya gidan. Aka gayyato kawunnai, aka shimfiɗa ledar cin abinci, aka zaunar da tsoho can ƙurya nesa da ƙofa inda ake ajiye manya, aka ajiye masa kan rago a gabansa. Aka ci beshbarmak yadda ake cinsa, da hannu, nama da taliya da kitsen jela yana bin yatsu har gwiwar hannu.

Da aka gama, sai zuba ruwan wanke hannu, kuma wannan aikin mijin 'ya ne. Na ɗauki buta a dama, kwano a hagu. Ina bakin ƙofa Inna ta ɗora min tawul a kafaɗa ta baya, tana raɗa min cewa duk tawul ɗin gidan nan abin kunya ne, Allah ya taimake ta ta samu wani mai kyau a kabad wanda ba a taɓa amfani da shi ba. Hankalina yana kan kada in zubar da ruwa. Na durƙusa gaban tsoho na zuba masa, ya miƙo hannu ya zare abin da ke kafaɗata, sai na ga ruwan toka.

Jama'a, hannuna biyu a cike suke, amma ba wannan ne ya hana ni ba. Da na so da na ajiye butar na ce Baba a gafarce ni, wannan na mota ne. Kalmomin sun zo har bakina. Na san kuma in na faɗe su a gaban kawunnai, na zama Mai Goge-goge har ranar da za a binne ni. Na haɗiye. Ina durƙushe ina kallo ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge gashin baki, ya goge gemu. Marigayi ya shanye kitsen duka kamar yadda ya saba shanye duk abin da aka ba shi.

Sai tsoho ya tsaya. Ya murza tawul ɗin tsakanin yatsa biyu, ya juya gefensa, ya shafa shi a bayan hannunsa, daidai yadda na yi a kasuwa. Ya tambayi wa ya zaɓi wannan. Meerim, wadda ta gane gawar tun kafin ta zama gawa, ta ce ni ne, wai yini guda na yi a kasuwa kafin in yarda da shi.

"Haka nake taɓa gashin ɗan doki kafin in saya," in ji shi. Ya ɗago jajayen idanunsa ya dube ni. "Ashe hannunka ya san abu."

Ya miƙa wa na kusa da shi, tawul ya zaga kawunnai duka, har da wanda ya fyace hanci. Bayan haka tsoho ya ɗaga tafukansa, kowa ya ɗaga, ya roƙa wa gidan wadata da zuri'a da tsawon rai, ya ce Allah ya daɗa buɗa wa Ernis. Na fashe da kuka a gaban mutane. Kowa ya ɗauka albarkar ce ta taɓa ni, kuma ita ce. Amma ba zan yi ƙarya a sanarwar mutuwa ba, wani kason hawayen na Yallaɓai ne.

Duk da haka a daren yana da sauran numfashi. Kitse ba ya kashe irinsu in an bi a hankali da ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa, kuma na yi niyyar yin jinyarsa da kaina. Da safe na kai tsoho asibiti, layi ya riƙe mu har azahar. Da muka dawo Inna ta tare ni a ƙofa fuskarta cike da fara'a. Ta ce tawul ɗin da babban baƙo ya yaba ba a yi masa wankin wasa. Ta dafa shi a tukunya da sabulun sanda har ya tafasa, ta matse, ta bi shi da dutsen guga mai zafi ciki da waje, yadda take yi wa duk wani ƙyalle da take girmamawa.

"Ga shi nan, ɗana, ko ɗigon maiƙo babu," ta ce.

Gaskiya ta faɗa, babu maiƙo. Babu gashi kuma. Zaren roba ne, ya narke ya daskare, ya kwanta sumul yana ƙyalli. Na kai shi gareji a cikin akwatinsa, na kira Talant ya zama shaida, na ɗauko tsohon faifan nan na goga a hankali. Maimakon "shuu" sai na ji "ƙyas." Muka ɗaga faifan ga haske, ga zane nan rututu. Talant ya cire hularsa, ko da yake ina zargin dariya yake ɓoyewa a cikinta. Inna na gode mata na sumbaci hannunta, har yau kuma ba ta san abin da ya faru ba. Duk wanda ya gaya mata, ni da shi.

Marigayi ya bar baƙar mota ɗaya, wadda tun ranar take tsaye da ɗigon ruwa busasshe a jikinta, ba ta san dalili ba. Ya bar ƙannensa rawaya guda biyu masu aikin taya, waɗanda ba su da tarbiyyar da za su gaje shi, da wani shuɗi siriri mai goge gilashi wanda bai taɓa jituwa da kowa ba. Ya bar bokiti biyu, da akwatin roba da babu kowa a ciki. Ya bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar a ƙofar garejina. Kamar yadda muke yi in dattijon da ya cika kwanansa da mutunci ya tafi, za a yayyanka ƙyalle a raba wa waɗanda suka halarta domin kowa ya samu rabo daga albarkarsa, sai dai a wannan karon marigayin da ƙyallen abu ɗaya ne. Ana roƙon wanda ya samu yanki ya tsaya a kan taya da bututun hayaƙi, kada ya kusanci fenti. Akwai shayi da soyayyen burodi. Kada kowa ya zo da sabon tawul da sunan ta'aziyya, ba zan iya karɓa ba tare da na gwada shi a gabansa ba, kuma zumunci zai lalace.

Rabin gawar ba za a raba ba, an riga an yi kamunsa. Jiya da yamma wayata ta yi ƙara, tawa, ba ta Meerim ba, na duba na ga lambar At-Bashi. Baba Saginbek ne, ya riga ya koma gida, ashe 'yarsa ta ba shi labari duka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, "Ernis, ɗana, kada ka yar. Kawo min rabi, fatar goɗiyata ba ta san karce ba. Ka kuma zaɓo min sababbi biyu, kai ka san kansu." Saboda haka ranar Lahadi zan hau da baƙar motar ta hanyar tsakuwa da taɓo in kai masa da hannuna. Kafin ya kashe wayar ya ƙara da cewa ya ware min rago mai rai, kuma tunda bayan motar ƙarami ne, a kujerar baya ragon zai zauna har Bishkek.

Kujerun fata ne, masu ruwan madara. Na ce to, Baba, na gode.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ƙarar da hawayensu ranar Asabar, za a sake buƙatarsu ranar Litinin.