Kwalin Firji Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da alhini, da gwiwa mai ciwo, muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwalin firjin gidanmu, wanda ya faɗi da safiyar Talatar makon jiya a tsakar gida, gindin bishiyar gwaba, bayan doguwar jinya. Ya cika ina cikinsa, da kyamara a hannu.

Marigayin ya shigo gidan nan ne a matsayin ɗan rakiya. Firji ya rako, kuma da an bi yadda aka saba, a ranar za a jefar da shi. Sai zuwansa ya yi daidai da lokacin da na sayi tsohuwar kyamara a hannun wani mai hoton biki, na fara bin tsuntsaye. Kafin shi, duk hotunana na wuraren da tsuntsu ya bari ne: reshen da kurciya ta tashi a kai, katangar da gwara ya gama hutawa. Tsuntsu ba ya tsoron kyamara. Mutum yake tsoro, musamman mutumin da ke sanɗa.

Sai na mai da kwalin maɓoyata, na yanke masa taga ɗaya daidai bakin kyamara, can ƙasa, domin hoton tsuntsu ya fi kyau idan ido ya yi daidai da ido. Na juya bayansa gabas don hasken safe ya sauka a kan tsuntsu, ba a cikin gilashin kyamara ba. A gabansa na ajiye faranti da ruwa kaɗan da dutse a tsakiya. Aikinsa ɗaya ne: ya tsaya inda aka ajiye shi.

Ya riƙe wannan amana. Da farko tsuntsaye sun ƙaurace wa gidan. Da suka ga bai cuci kowa ba, sai suka ɗauke shi kamar katanga. Kurciya ce ta fara sauka, sai gwara da ayarinsa, sai marai. Hankaka kan hau kansa ya yi abin da ya saba yi, marigayin bai taɓa kai ƙara ba.

An shaide shi da rufin asiri. Surukina ya taɓa jingina da shi ya yi doguwar waya, bai san ina ciki ba, kuma abin da muka ji ya tafi da shi. Ba shi da yawan magana. Idan na gyara zama yakan ce ƙiii. Idan iska ta taso, faf, faf.

Ba kowa ne ya so shi ba. Ya tare wurin igiyar shanya, kuma maiɗakina ta yarda da zamansa ne bisa sharaɗi: ranar da na samu hoton baiwar Allah mai kyau, ranar zai fita. Baiwar Allah ita ce mitsitsiyar jar tsuntsuwar nan da ke tsince-tsince a kowane gida. Kowa na ganinta, amma ba ta tsayawa. Ina da hotonta da yawa, kuma a cikin kowanne ta yi kama da ɗigon jan fenti.

Ciwon ya fara ne daga ƙafa. Gindinsa ya jiƙe, ya yi laushi, gara ta shiga. An yi masa magani da leda da gam, an tokare shi da sandar tsintsiya. Har yanzu akwai saɓani a kan musabbabin cutar. Ni na ce damina ce. Maiɗakina ta ce tsohon ruwan farantin ne da nake juye masa a gindi kowace safiya kafin in zuba sabo. Ba a kafa kwamitin bincike ba.

A ranar da abin ya faru, baiwar Allah ta sauka a kan dutsen, haske ya yi kyau, ta juyo, ta tsaya cak. Na sunkuya, na dafa bangon kwalin da gwiwar hannu. Ya ce ƙiii, ya tafi gefe a hankali, da ni da kujerar da nake zaune a kai. Na danna. Hoton ya fito tas: sararin sama, ganyen gwaba, da silifa ƙafa ɗaya.

Ya rasu ya bar kyamara, da kujera 'yar tsuguno, da faranti, da tsuntsaye masu yawa. Ya kuma bar firjin da ya rako, wanda ke ci gaba da aiki a kicin kamar ba a yi komai ba.

An shirya cewa mai sayen kwalaye zai zo da baronsa ranar Asabar. An ɗage. Maiɗakina ta je janye gawar don ta ɗaura igiya, sai ta tarar da ciyawa da gashin kaza a cikin lanƙwasar kwalin, baiwar Allah da mijinta suna shiga suna fita ta tagar da na yanke. Ta mayar da igiyarta ɗaki.

"Malam, kwalinka ya yi baƙi," in ji ta. "Duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne. Har da kai."

Saboda haka gawar za ta ci gaba da kwanciya a inda ta faɗi. Ana karɓar gaisuwa daga ƙofar falo, da murya ƙasa-ƙasa. Ana roƙon masu zuwa kada su sa fararen kaya, kada su nuna gindin gwaba da yatsa, kada kuma su zo da yara masu gudu. Wanda ya sayi sabon firji, ko ya san wanda ya saya, ya tuntuɓi iyalin.

Za a sanar da ranar ɗaukar gawa bayan 'ya'yan sun yi fiffike. Zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa ba a san ko an yi ƙwai ba, domin an hana leƙawa. Tsuntsuwar takan zauna a bakin tagar da safe ta kalle ni a fili, kuma da zarar na ɗaga kyamara sai ta shige ciki.