Motar da Na Saka a Kulle

Da matata ta tafi wankan jego Ringim, gidana na Dutse ya yi tsit, ba mai ce mini sannu da zuwa. Sai na sa aka turo tsohuwar motar marigayi babana tsakar gida, ta inda katanga ta rushe da damina. Na rantse ba bakaniken da zai taɓa ta.

Kullum bayan la'asar ina ƙarƙashinta, ina ba ta labarin ofis. Da maƙwabta suka fara leƙe suna dariya, na kira magini ya toshe wajen da bulo, har na ce ya ƙara tsayi.

Ranar da ta tashi, na hakimce a kujerar direba ni kaɗai, na danna hon, na sa giya. Ina ɗaga kai sai ga ƙofar zaure, wadda ko buhun gero sai an karkata shi yake shiga.

Maƙwabcina Malam Sule ya leƙo, ya dubi katangar, ya dube ni. "Injiniya, ashe kulle ka saka ta?"

Har yau in mun fito daga masallaci sai wani ya ce, "A gaida Hajiya. Tunda ba ta fita, ma turo iyali su gaishe ta."